RA'AYINMU: BIRI YA YI KAMA DA MUTUM

In Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum, nufinsa zancen da ake ta raɗe-raɗinsa ya fara kama da gaskiya. Mu kuwa a wannan fitowa mun ari maganar ne don mu ɗauke ta a kan fuskarta, gama birin ya yi kama da mutum ɗin, a jini da ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa. Saboda wannan kama ce masana kimiyya suka mai da shi madadin ɗan'adam wajen gwada magunguna da alluran rigakafi kafin a kai su asibiti. Saboda ita ce kuma cutar da ke jikinsa ba ta shan wata wahala wajen tsallakowa jikinmu. Don haka manyan ƙasashen da ke irin wannan bincike suka kafa garkunan birai na musamman, ana kiwonsu cikin shinge, ana ɗibar jininsu a kai a kai don a tabbata babu wasu ƙwayoyin cuta na ɓoye, watau irin ƙananan nan da ake kira bairas, waɗanda ko madubin likita na yau da kullum ba ya iya ganinsu. A kan wannan aiki na gwajin jini muke so mu faɗi ra'ayinmu.

Mun san wani zai ce, me ya haɗa mujallar ɗalibai da kiwon birai, alhali ga kuɗin makaranta, ga cunkoson ɗakunan kwana? To, ɗan'uwa mai karatu, in dai an ɗiga maka maganin shan inna a baki kana yaro, ko kuwa an yi maka allurar shawara za ka yi tafiya, to biri yana binka bashi, domin da jikinsa aka share hanyar waɗannan magunguna. Daɗin daɗawa, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba da daɗewa ba za su zauna a ofisoshi inda aikinsu shi ne su duba takarda su sa hannu, su ce kaza lafiya lau ne, kaza ya cancanta ya wuce. Labarin garkunan birai labari ne na abin da sa hannu irin wannan ke jawowa, in an yi shi da gaskiya da kuma in an yi shi da ha'inci.

Bari mu fara daga gida. A shekarar 1927 akwai wata tawagar likitoci da Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta turo Yaba ta Ikko don binciken zazzaɓin shawara, tana kuma da reshe a Akara ta ƙasar Gana. Sun daɗe suna neman dabbar da za ta kamu da ciwon kamar yadda mutum ke kamuwa, har suka dace da wani birin Indiya da ake kira resas, daga dangin biran Asiya da ake ce wa makak. Aka ɗebi jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, wanda zazzaɓin ya kama, aka sa wa birin, ya kamu. Ƙwayar da aka samu daga jinin Asibi ita ce Max Theiler ya yi ta rainonta har ya rage mata ƙarfi a 1937, ta zama allurar shawara da ake yi har gobe. Amma ba a ci nasarar nan a banza ba. Ɗaya daga cikin likitocin, Adrian Stokes, ya kamu da ciwon a bakin aikinsa, ya mutu a Ikko a cikin shekarar ta 1927.

Cutar da ta kashe Stokes sananniya ce, da gangan aka shigo da ita ɗakin gwaje-gwaje. Wadda ta fi ban tsoro ita ce wadda birin ke zuwa da ita a ɓoye, yana wasa yana cin ayaba, ba alamar komai. A 1932 a birnin New York wani birin resas mai kama da lafiyayye ya ciji wani matashin likita, William Brebner, wanda ke binciken shan inna. Cikin 'yan makonni ciwo ya bi jijiyoyinsa ya hau laka da ƙwaƙwalwa, ya mutu. Abokin aikinsa Albert Sabin, wanda daga baya ya ƙirƙiro maganin shan inna na ɗigawa a baki, ya bi diddigin ƙwayar ya sa mata suna bairas B. A jikin makak abin da take haifarwa bai wuce 'yan ƙuraje a baki ba, sau da yawa ma ba ta nuna komai. A jikin mutum kuwa, in ba a yi magani da wuri ba, mafi yawan waɗanda suka kamu ba su tashi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya kimanin mutum 50 da suka kamu daga 1932 zuwa 2019, 21 daga cikinsu suka mutu. A 1997 wata ma'aikaciya 'yar shekara 22 a cibiyar birai ta Yerkes a jihar Jojiya ta rasa ranta, ba cizo ba yaƙushi, ɗan ruwa ne kawai daga jikin biri ya fantsamar mata a ido. A 2021 kuma wani likitan dabbobi ya mutu da ita a birnin Beijin na ƙasar Sin.

Wannan haɗari ne ga ma'aikaci shi kaɗai. Akwai wanda ya shafi jama'a baki ɗaya. Allurar shan inna ta farko, wadda Jonas Salk ya haɗa aka fara yi wa jama'a a 1955, ana rainon ƙwayarta ne a cikin naman ƙodar birin resas. Sai a 1960 Ben Sweet da Maurice Hilleman suka gano cewa a cikin ƙodar akwai wani bairas na birin kansa, wanda aka sa wa suna SV40 saboda shi ne na 40 a jerin waɗanda aka gano a jikin birai, kuma sinadarin da ake kashe ƙwayar shan inna da shi ba ya gamawa da shi duka. Wata masaniya, Bernice Eddy, ta nuna cewa abin da ke cikin ƙodar yana haifar da ƙari a jikin wani irin ɓera da ake kira hamsta. Kafin a ankara, an riga an yi wa miliyoyin mutane allurar da wani kasonta ke ɗauke da shi. Daga 1961 gwamnatin Amurka ta wajabta a gwada kowane sabon haɗi, wanda aka samu da SV40 a zubar. An shekara da shekaru ana bin lafiyar waɗanda aka yi wa allurar, kuma binciken bai tabbatar da cewa ƙwayar ta haifar wa mutane ciwon daji ba. Allah Ya kiyaye, amma ba dabarar kowa ba ce ta kiyaye.

Da aka ga haka, masu haɗa allura da yawa suka bar ƙodar resas suka koma ga ta biran Afirka, dangin wanda muke kira kirka a ƙasar nan, tun da su ba su ɗauke da SV40. Ashe ana gudun gara ne za a tarar da zago. A cikin watan Agusta na 1967 ma'aikatan ɗakunan haɗa magunguna a garuruwan Marburg da Farankfot na Jamus, da kuma Belgired ta Yugosilabiya ta wancan lokaci, suka fara kwantawa da zazzaɓi mai zafi da zubar jini. Kusan duk sun taɓa jini ko naman wasu birai da aka kawo daga Yuganda, ko kuwa sun yi jinyar wanda ya taɓa. Mutum 31 suka kamu, 7 suka mutu. Cutar da duniya ke kira Marburg a yau, 'yar'uwar Ebola, daga nan ta samo sunanta. Ita ma ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, a cikin wani garken biran bincike aka fara ganinta, a birnin Kofanhagan na Danmak a 1958, ko da yake masana sun fi zaton ɓeraye da kurege ne gidanta na asali, birin tsautsayi ne ya sa sunan ya bi shi.

Mafi yawan waɗannan birai a daji aka kamo su, ba wanda ya san uwarsu, ba wanda ya san abin da suka taɓa sha. A cikin shekarun 1950 Indiya kaɗai tana fitar da resas fiye da 100,000 a shekara. A 1978 ta hana fitar da su, Bangaladash ta bi sahu a 1979. Dole ta sa masu bincike suka koma kiwon nasu. Sai dai shinge ba ya tsarkake abin da aka zuba a cikinsa, cunkoso ma ƙara wa cuta gudu yake yi. A farkon shekarun 1980, daidai lokacin da ƙanjamau ta bayyana a cikin mutane, biran cibiyoyin Kalifoniya da New England suka riƙa ramewa da gudawa da ƙarancin jini, garkuwar jikinsu ta karye. Da aka bincika sai aka tarar da ƙwayoyi iri biyu. Ɗaya ita ce SRV, wadda dama tana cikin biran Asiya. Ɗayar kuwa SIV, wadda aka ware a 1985, ba ta Asiya ba ce sam. Gidanta jikin wani birin Afirka ta Yamma ne da ake kira mangabe, wanda ke zaune da ita lafiya, ta tsallaka jikin makak ne a cibiyoyin Amurka inda aka tara baƙi daga nahiyoyi biyu a wuri guda. Daga wannan mangabe ne ƙanjamau iri na biyu ya shigo cikin mutane, kamar yadda iri na farko ya fito daga cimfanzin dazuzzukan kudu maso gabashin Kamaru.

To, a nan ne aka gane cewa ba a iya binciken karyewar garkuwar jiki da dabbar da garkuwarta ta riga ta karye ta wata hanya. In ka ba biri sabon magani ya mutu, ta yaya za ka san maganin ne ya kashe shi ko kuwa SRV ɗin da ke cin sa tun tuni? In ka yi masa allurar rigakafi ba ta yi aiki ba, laifin allurar ne ko na jininsa? Saboda haka a ƙarshen shekarun 1980 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara zuba kuɗi wajen kafa garkunan makak da aka tsarkake daga ƙwayoyi huɗu takamaimai: bairas B, da SIV, da SRV, da kuma STLV, wadda ke da 'yar'uwa a jikin mutum mai haddasa wani irin ciwon daji na jini. A lura da kalmar takamaimai. Ba wanda ya ce birin ba ya ɗauke da komai a duniya. Abin da aka ce shi ne an nemi waɗannan huɗu sau da yawa ba a same su ba. Wasu garkunan sun ƙara jerin nasu ya wuce huɗu, amma su ma suna faɗin sunan abin da suka gwada ɗaya bayan ɗaya. Mu a ganinmu wannan tsantseni wajen magana shi ne rabin aikin.

Yadda ake kafa irin wannan garke sai mai haƙuri. Bairas B in ya shiga jiki ba ya fita har abada. Yana laɓewa a cikin tushen jijiyoyi, ya daɗe shiru, sa'an nan ya taso ya fito ta miyau ko ta al'aura, musamman in dabbar ta wahala ko ta yi rashin lafiya. A garken da ba a tace ba, mafi yawan manyan birai suna ɗauke da shi, amma ƙanana ba kasafai suke kamuwa ba sai sun balaga sun fara cizon juna da barbara. Don haka ake ɗauko 'ya'yan da aka yaye, a raba su da manya, a ajiye su ɗaiɗai ko bibbiyu, ana ɗibar jininsu lokaci bayan lokaci. Wanda jininsa ya nuna alama a fitar da shi, a kuma sa ido a kan abokin kejinsa. Sai an jera gwaje-gwaje masu yawa ba a ga komai ba kafin a haɗa su rukuni-rukuni su fara haihuwa. Ga shi kuwa macen resas sai ta shekara 3 zuwa 4 kafin ta fara haihuwa, cikinta wata 5 da rabi ne, ɗa guda take haifa a shekara. Aikin da aka fara yau sai bayan shekaru da dama za a ci moriyarsa, kuma ko an kai ga nan ba a daina gwaji, gama wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Gwajin ma kansa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke neman sawun cuta, watau makaman da jiki ke ƙerawa a cikin jini in baƙuwar ƙwaya ta shigo. Akwai kuma wanda ake kira PCR, mai neman ƙwayar halittar bairas ɗin kansa. Ga bairas B, tun da yana ɓoye a jijiya ba a jini ba, sawun ake bi, shi ma kuma yakan yi jinkirin bayyana. Ga SRV kuwa akwai biran da ke ɗauke da ƙwayar suna yaɗa ta alhali jikinsu bai ƙera makami ko ɗaya ba, musamman waɗanda suka kamu tun suna ciki ko suna jarirai. Wanda ya dogara ga gwajin sawu kaɗai zai ba irin wannan biri takardar lafiya ya sake shi cikin garke. Tilas sai an haɗa gwaji biyun. Har ila yau gwajin farko an gina shi ne ya yi saurin ƙararrawa, don haka yakan yi ta a banza. A ƙaddara yana kuskure sau 1 cikin 100. A garke mai birai 1,000 za a samu kamar 10 da zai zarga ba su da laifi. Ba a kashe su, ba a kuma yin watsi da zargin. Keɓe su ake yi, a sake gwadawa ta wata hanya mai tabbatarwa, a kuma sake ɗibar jini bayan 'yan makonni.

Sai kuma ƙofar shigowa. Makiyayin kirki ba ya sayo saniya a kara ya tura ta cikin garke a ranar, sai ya ɗaure ta gefe ya ga kamun ludayinta. Dokar Amurka ta hana shigo da birai don kiwon sha'awa tun 1975, waɗanda aka shigo da su don bincike kuwa sai an killace su kwana 31 aƙalla, an yi musu gwajin tarin fuka sau 3, mako 2 tsakani. A fatar ido ake yin allurar gwajin, don a iya hango kumburin daga wajen keji ba sai an sake kama dabbar ba. Tarin fuka ba bairas ba ne, amma yana iya share garke, kuma sau da yawa daga mutum birin ke ɗaukarsa, kamar yadda yake ɗaukar ƙyanda. Saboda haka ma'aikatan su ma ana gwada su. Amfanin killacewa ya fito fili a 1989 a garin Reston, kusa da birnin Washinton, sa'ad da biran da aka kawo daga Filifin suka riƙa mutuwa a gidan killacewa. Likitan dabbobin wurin bai rufe zancen ba, ya aika da samfur ɗakin gwaje-gwajen soja, aka tarar da wani sabon irin Ebola. Aka hallaka ɗaruruwan biran da suka rage, aka wanke ginin. An ga sawun ƙwayar a jinin wasu ma'aikata, amma ba wanda ya kwanta. Da irin na Kwango ne, kuma da an riga an rarraba biran jami'o'i, da labarin ya sha bamban.

Akwai masu sukar wannan aiki, kuma bai kamata mu toshe kunne ba. Na farko suna cewa tsada ta yi yawa: ga gine-gine daban, ga ma'aikata daban, ga kuɗin gwaji kowace shekara a kan dabbar da ba ta nuna ciwon komai. Gaskiya ne da tsada. Amma a auna ta da kuɗin binciken shekara 5 da za a zubar don an gano daga baya cewa rabin biran suna da SRV, ko da ran ma'aikaci guda. Araha ba ta ado. Wahalar wannan fanni ita ce in aiki ya yi kyau ba abin da ke faruwa, ba gawa, ba labari a jarida, sai mai rabon kasafi ya duba ya ce ina amfanin kuɗin da ake zubawa a nan? Shekarar da aka rage kuɗin ba a ganin komai. Bayan shekara biyu ko uku ne gwaji zai fara ƙararrawa a kusurwoyi daban-daban na garken, a lokacin kuwa aikin shekara goma ya riga ya rushe.

Na biyu suna cewa tun asali zalunci ne a tsare dabba mai wayo irin biri, a raba ɗa da uwa, a ajiye shi shi kaɗai don a tace jininsa. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu ce ba ta da shi ba. Kaɗaici yana cutar da biri, shi ya sa cibiyoyin kirki suke gajarta lokacin keɓewa suna haɗa ƙananan bibbiyu. Tun 1959 wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar da ake bi har yau: a maye gurbin dabba da wata hanya in akwai, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a sauƙaƙa wa waɗanda suka rage wahala. An kuwa samu ci gaba. Yawancin alluran shan inna yanzu ana rainonsu ne a cikin wasu ƙwayoyin nama da aka samo daga ƙodar biri a Japan a 1962 ake ta ninka su a kwalba, ba sai an yanka sabon biri ba. A ƙarshen 2022 majalisar Amurka ta cire sharaɗin da ya wajabta gwada kowane sabon magani a jikin dabba. Muna fatan ranar da za a sallami biri baki ɗaya. Kafin ranar ta zo, garke mai tsabta shi ya fi kusa da tausayi, domin biransa ba su mutuwa da gudawa da tari, kuma sakamakon da aka samu daga 'yan kaɗan ya isa, ba sai an maimaita da wasu ba.

Abin da ya fi damunmu bai shafi kuɗi ko na'ura ba. Duk wannan gini a kan takarda yake tsaye. Mai bincike a wata jami'a bai ga haihuwar birin ba, bai ga ɗibar jininsa ba. Fayil ya gani, mai cewa an haife shi ran kaza, uwarsa wance, an gwada shi sau kaza. A farkon 2020, da annobar korona ta ɓarke, Sin, wadda a lokacin ita ce ke kan gaba wajen sayar wa Amurka biran bincike, ta rufe ƙofar fitar da su daidai lokacin da ake tsananin bukatarsu, farashi ya ninka sau da yawa. Inda kuɗi ya yi yawa haka, ha'inci ba ya nisa. A watan Nuwamba na 2022 masu gabatar da ƙara na Amurka suka tuhumi wasu mutane, ciki har da jami'an gwamnatin Kambodiya, da kamo birai a daji ana ba su takardun waɗanda aka haifa a gidan kiwo. Jami'in da aka gurfanar, kotu ta wanke shi a 2024, don haka ba mu ɗora wa kowa laifi ba. Amma ƙarar ta nuna inda bango ke iya tsagewa. Birin daji mai takardar ƙarya ya fi wanda ba shi da takarda haɗari, gama marar takarda kowa zai yi hattara da shi, mai takarda kuwa za a buɗe masa ƙofa.

Mu a Arewa mun ɗanɗana abin da rashin yarda ke jawowa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargin an gurɓata maganin, ba a koma ba a Kano sai tsakiyar 2004. A tsakanin nan cutar ta yaɗu ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka nakasa. Sai 25 ga Agusta, 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Iyayen da suka yi tambaya a wancan lokaci suna da haƙƙin a amsa musu, kuma zagi ko tilasci ba su zama amsa. Amsa ita ce shaida. An taɓa zargin cewa wani maganin shan inna da aka gwada a Kwango a ƙarshen shekarun 1950 shi ya kawo ƙanjamau, wai da ƙodar cimfanzi aka haɗa shi. Abin da ya warware zancen shi ne wani ya adana ragowar maganin shekara 40 a cikin sanyi da lambarsa a jiki. Aka rarraba wa ɗakunan gwaje-gwaje daban-daban, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna ba naman cimfanzi a ciki, ba SIV, ba ƙwayar ƙanjamau. Ma'aikacin da ya liƙa wa kwalbar lamba bai san ranar za ta zo ba.

A 2021 Tarayyar Afirka ta ɗaura aniyar cewa kafin 2040 nahiyar za ta riƙa haɗa kashi 60 cikin 100 na alluran rigakafin da take bukata, alhali a lokacin abin da take haɗawa bai wuce kashi 1 ba. Buri ne mai kyau, kuma ba daga sama za a fara ba: Cibiyar Pasteur ta Dakar ta daɗe tana haɗa allurar shawara, Kenya tana da cibiyar binciken birai a Nairobi, mu ma muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Bom kusa da Jos, ɗakin haɗa allura na Yaba kuwa ya yi aiki har 1991. Ba muna kira a kafa garken birai a kowace jami'a ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, wanda ba zai iya ɗaukar nauyin gwajin shekara da shekaru ba kada ya fara. Amma duk wanda zai haɗa magani yana bukatar dabbar gwaji ko ƙwan kaza ko ƙwayar nama da aka san tarihinsu, kuma ƙa'idar ɗaya ce ko da ɓera ake aiki: a killace baƙo, a gwada, a sake gwadawa, a rubuta abin da aka gani.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai na sashen likitan dabbobi da na kimiyyar gwaje-gwaje da su daina ganin ɗakin dabbobi a matsayin wurin horo ga wanda bai yi sa'a ba. Wanda ya iya kula da garke mai tsabta ya iya abin da ƙasashe ke nema ruwa a jallo. Muna kira ga hukumomin jami'o'i da su sa kuɗin kula da dabbobin gwaji a cikin kasafi na dindindin, su tanadar wa masu shara da masu ba da abinci safar hannu da tabarau na kariya, su kuma koya musu cewa cizo ko yaƙushi ko fantsamar ruwa a ido ana wanke shi nan take na minti 15 a kai rahoto, ba tare da tsoron kora ba. Su ne mafi kusa da haɗari, su ne kuma mafi ƙarancin albashi. Ga sabon ma'aikacin gwamnati kuwa, a tashar jirgin sama yake ko a bakin iyaka ko a ma'aikatar lafiya, ranar za ta zo da wani babba zai tsaya a kansa ya ce kaya sun daɗe, sakamakon gwaji ya yi jinkiri, a sa hannu kawai a wuce wurin. Muna roƙonsa ya tuna da likitan dabbobin nan na Reston, ya ajiye alƙalami, ya ce a jira sakamako ya fito.